Ladabin Baƙo A Gidan Tsuntsaye: Tunatarwa Ga Mai Ziyarar Gandun Bakin Teku

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da teku, wanda Ya halicci kowane mai rai, Ya ƙaddara masa abincinsa da makwancinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka aiko domin jin ƙai ga talikai, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi mazauna Birtaniya, idan hunturu ya juya baya, yini ya fara tsawo, kowane magidanci yakan shiga tunanin inda zai kai iyalinsa su sha iska. Da yawa sukan nufi bakin teku inda ake wasa da ciye-ciye. Wasu kuma sun fara gano gandayen da aka keɓe a gaɓar teku domin tsuntsaye da namun daji. Wannan abin yabo ne, domin yaran da suka tashi tsakanin bango huɗu da allon waya suna buƙatar su ga halittar Allah da idanunsu, gani kuwa ya kori ji. Sai dai akwai abin da ya kamata mu shiga da shi irin wannan wuri tun kafin guzuri da madubin hangen nesa, shi ne sanin cewa wurin gidan wasu ne, mu kuma baƙi ne a cikinsa. Wanda ya san haka, ziyararsa za ta zama ibada. Wanda ya jahilce shi, zai iya dawowa gida da alhakin halittar da ba ta da bakin kai ƙara a duniya, amma tana da shi a lahira.

Domin kada magana ta tsaya a sama, bari mu ɗauki wuri guda mu yi nazari a kansa. A gabashin Ingila, cikin yankin Suffolk, a gaɓar Tekun Arewa, akwai gandun da ake kira Minsmere. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 1,000, kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ke kula da shi tun 1947. A cikinsa akwai fadama mai dogayen ciyayi irin na kyauro, da tafkuna marasa zurfi masu ƙananan tsibirai, da kurmi, da fili mai gajerun tsirrai, sannan tudun yashi da tsakuwa wanda ya raba wannan duka da teku. An ƙididdige jinsin halittu fiye da 5,000 a wurin, tun daga ƙwari da tsirrai har zuwa karen ruwa da manyan bareyi.

Al'ummomi irinmu

A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu cewa duk dabbar da ke tafiya a ƙasa da duk tsuntsun da ke tashi da fukafukansa al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Malaman tafsiri sun yi bayanin cewa kowane jinsi yana da tsarinsa, da arzikinsa, da ajalinsa, da hanyar da 'ya'yansa ke fahimtar juna. Wanda ya zauna shiru na sa'a guda a ɗaya daga cikin ɗakunan katako da aka gina domin leƙen tsuntsaye a Minsmere, zai ga wannan ma'ana tana motsi a gabansa.

Zai ga tsuntsun da Turawa ke kira abosit, fari da baƙi, mai dogayen ƙafafu, bakinsa siriri ya lanƙwashe sama. Yana tafiya cikin ruwa yana kaɗa bakin dama da hagu, yana tace ƙananan halittu daga taɓo, da an miƙe bakin nan da bai dace da wannan aiki ba. Zai ga shahon fadama, namijin ya kamo abinci, ya kira matarsa, ta taso daga sheƙa, ya sakar mata a sararin sama ta cafe. Idan a watan Afrilu ne ko Mayu, zai ji wata murya mai zurfi daga cikin ciyawa, kamar ana busa bakin kwalba. Wannan wani jinsin zalɓe ne da ake kira bitan, mai launin busasshiyar ciyawa, wanda idan ya ji motsi yakan miƙe wuya sama ya tsaya cik har ya saje da ciyawar. Kusa da ƙofar shiga kuma zai ga wasu ƙananan tsattsewa sun haƙa ramuka a jikin gaɓar yashi, kowace ta san ƙofarta a cikin ƙofofi masu yawa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to ga gidajen nan a jere, kowanne da kukansa.

Alƙur'ani bai tsaya ga kiransu al'umma ba. A Suratun Nur, aya ta 41, ya ambaci tsuntsaye suna shimfiɗe da fukafukai a cikin masu yi wa Allah tasbihi, kowanne ya san sallarsa da tasbihinsa. A Suratul Mulk, aya ta 19, an kira mu mu dubi yadda suke buɗe fukafukai suna rufewa a samanmu, babu mai riƙe da su sai Mai rahama. Saboda haka wanda ya shiga gandu, ya shiga wurin da ake ambaton Allah da harsunan da ba ya ji. Shin mai hankali zai shiga majalisar zikiri yana ihu?

Hatta tudun tsakuwar nan da ya tsaya tsakanin teku da fadama abin lura ne. A gabas ruwan gishiri, a yamma ruwan daɗi, tsakaninsu tafiyar 'yan taku. Da teku zai keto ya cika fadamar, da kifayen ruwan daɗi sun mutu, da bitan ya rasa abinci. Mai karanta Suratul Furƙan, idan ya tsaya a kan wannan tudu, dole ya tuna aya ta 53, inda Allah Ya ambaci ruwa biyu, mai daɗi da mai zartsi, da shamakin da Ya sanya a tsakaninsu.

Abin da hannun ɗan Adam ya ɓata, da abin da ya gyara

Kada wanda ya ga wannan yalwa ya zaci haka wurin yake tun fil azal. A farkon ƙarni na 19 an tsane ruwan fadamar an mai da ita gonaki da makiyaya. Irin wannan tsane fadamu, tare da harbi da kwasar ƙwai, ya sa abosit ya daina sheƙa a Birtaniya kusan shekara 100. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake malalo ruwa a filin domin toshe hanya ga abokan gaba idan sun sauka ta teku. Masu yin haka yaƙi ne a ransu, amma Allah Ya nufi wani abu dabam. A 1947 sai ga abosit ya dawo ya yi ƙwai a wurin. A 1971 shahon fadama ya ragu har sheƙa guda tak ta saura a duk faɗin ƙasar, a Minsmere take, saboda farauta da magungunan ƙwari masu guba. A 1997 mazan bitan 11 kacal aka ji muryarsu a ƙasar baki ɗaya. Yau, bayan an yi shekaru ana haƙa magudanai, ana yanke ciyawa, ana daidaita ruwa, sun haura 200.

Ita kanta ƙungiyar da ke kula da wurin, wasu mata ne suka assasa ta a 1889 a Mancesta, domin yaƙi da kashe tsuntsaye da ake yi don a ƙawata huluna da gashinsu. Wato ado kawai ya kusa ƙarar da al'ummomi. Allah Ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kuma ƙarshen ayar yana buɗe ƙofar komowa. Tarihin wannan gandu ya nuna ɓarnar, ya nuna komowar. Gyara aiki ne na haƙuri da shekaru, ɓarna kuwa yini guda ya ishe ta.

Keɓe wuri ba baƙon abu ba ne a Musulunci

Wani zai iya ɗauka cewa keɓe ƙasa domin kare abin da ke cikinta al'adar Turawa ce. To, ya koma littattafan fiƙihu ya duba babin hima. Imamul Bukhari ya kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza. A cikin Muwaɗɗa an kawo yadda Umar ya umurci mai gadin hima ya sassauta wa masu ɗan ƙaramin garke, ya tsare wurin daga manyan garkunan attajirai, domin talaka idan dabbobinsa suka halaka ba shi da madogara. Gaskiya ne an yi waɗannan ne domin kiwon dabbobin maslahar jama'a, amma asalin da suka kafa a fili yake: shugaba yana da ikon hana hannu taɓa wani yanki domin amfanin kowa. Sama da wannan akwai Haramin Makka da na Madina, inda aka hana farauta da sare itace, har ma aka hana firgita abin farauta a Makka. Duk alhajin da ya taɓa ganin tantabarun Harami suna yawo a tsakanin ƙafafun mutane ba tsoro, ya ga abin da aminci ke haifarwa.

Saboda haka idan ka ga igiya an kewaye wani yanki na gaɓa, ko allo an rubuta kada a wuce, kada ka ɗauke shi takura. Wasu tsuntsayen a kan tsakuwa suke zuba ƙwai, launin ƙwan kuma bai bambanta da tsakuwar ba, kana iya taka shi ba ka sani ba. Dokar ƙasar ta 1981 ta haramta ɗaukar ƙwan tsuntsun daji da rushe sheƙarsa, ta kuma haramta damun irin su abosit da bitan a lokacin sheƙa. Mu kuwa da izini muka shigo ƙasar nan, izini alkawari ne, cika alkawari kuma umurni ne a farkon Suratul Ma'ida. A nan dokar ƙasa da shari'a sun haɗu a kan abu ɗaya.

Ladabin baƙo

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa suna cikin tafiya tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ɗan kauce domin wata buƙata. Sahabbai suka ga wata ƙaramar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana karkaɗa fukafukai a kansu. Da ya dawo ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya yi umurni a mayar mata da su. Ku lura, ya ku bayin Allah, ba a yanka su ba, ba a ji musu rauni ba. Tashin hankalin uwar kaɗai ya isa ya sa Annabin rahama ya tsayar da tafiya. Imam Muslim kuma ya kawo hani a kan mai da abu mai rai abin gwada harbi. Mu da muka tashi a inda danƙo abin wasan yara ne, ya kamata wannan hadisi ya tsaya mana a rai, mu kuma isar da shi ga 'ya'yanmu.

Daga nan ladubban suke fitowa. Na farko, sassauta murya. Mu mutane ne masu son hira da raha, kuma wannan kyakkyawar ɗabi'a ce a wurinta. Amma tsuntsuwar da hayaniya ta kora daga kan ƙwanta, sanyi zai kama ƙwan, ko hankaka ya ɗauke kafin ta dawo. Na biyu, tsayawa a kan hanyar da aka shata, ko da hoton da ake so yana can gefe. A filayen Minsmere akwai maciji mai dafi, wanda shi kaɗai ne irinsa a ƙasar, bin hanya kariya ce gare ka da shi baki ɗaya. Na uku, kada a ciyar da namun daji ragowar abincinmu, domin niyyar sadaka ba ta mai da abin da ke cutarwa ya zama mai amfani. Na huɗu, duk abin da ka shigo da shi ka fita da shi. Leda da zaren kamun kifi da murfin kwalba suna shaƙe tsuntsayen teku, wanda kuwa aka gaya wa kawar da ƙazanta daga hanya reshe ne na imani, bai dace a gan shi yana zubar da ita ba. Na biyar, haƙƙin sauran maziyarta. Za ka tarar da dattijo ya yi sa'o'i yana jiran fitowar tsuntsu guda. Idan iyali masu hijabi da hula suka shigo cikin natsuwa, suka yi gaisuwa a hankali, suka zauna, sun yi wa addininsu wa'azin da ya fi dogon jawabi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da aka koya wa yin shiru domin kada ya firgita tsuntsu, an koya masa wani abu na khushu'i.

Kada kuma yawon ya cinye salla. Daga Landan zuwa wannan gaɓa ya wuce nisan ƙasaru da malaman Malikiyya suka ƙayyade, wato mil 48, saboda haka matafiyi yana da rangwamen rage salla mai raka'a huɗu. Alƙibla daga Ingila tana wajen kudu maso gabas. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kamar yadda ya tabbata a hadisin da Imam Malik ya ruwaito. A nemi gefe mai tsabta inda ba a tare wa kowa hanya ba, a yi salla cikin natsuwa.

Matafiyan da suka san hanyar gida

Akwai wani abu a wannan gandu da ya shafe mu fiye da sauran maziyarta. Waɗannan tsattsewa masu ramuka a yashi, nauyin kowace bai wuce kimanin giram 14 ba. Idan kaka ta yi a nan, sukan tashi su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka a fadamun Afirka ta Yamma. Na Birtaniya galibi kogin Senegal da fadamun kogin Neja a Mali suke nufa. 'Yan'uwansu daga wasu ƙasashen Turai kuma sukan sauka a Tafkin Cadi da fadamar Haɗeja da Nguru. Akwai wani ɗan tsuntsun cikin ciyawa da ke yin ƙiba har nauyinsa ya kusa ninkawa kafin ya kama hanya, kitsen nan shi ne guzurinsa. Tirmizi ya ruwaito cewa da mun dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro, da Ya azurta mu kamar yadda Yake azurta tsuntsaye, suna fita da yunwa su dawo a ƙoshe. Malamai sun ja hankali ga cewa tsuntsun fita yake yi, ba ya zama a sheƙa. Wanda ya bar garinsu domin neman halal ko ilimi, ya dubi wannan ɗan tsuntsu ya samu natsuwa: a yi guzuri, a kama hanya, a bar sauran ga Allah.

A 1969 masu lura da tsuntsaye a Birtaniya suka ga fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai dawo daga tafiya ba, tsattsewar yashi ma ta ragu ƙwarai, aka sake ganin haka a 1984. Da aka bincika, sai aka gano sababin yana Sahel: fari. Farin da ya ƙone gonakin iyayenmu, ya kashe garkunansu a waɗancan shekaru, shi ne ya bar ramukan yashin Ingila ba kowa. Ruwan saman da ake roƙo a filin idi a Katsina ko Damagaram, akwai masu jiran amsarsa da fukafukai.

Wannan yana ɗora mana amana a can gida. Fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, kacalla kuma ta toshe magudanai da yawa, abin da ya taɓa masunta da manoma da makiyaya tun kafin ya taɓa tsuntsaye. A gefe guda, manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da ake iya yi: tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu suna renonsa, har gawo da 'yan'uwansa suka dawo a miliyoyin hektoci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Mu da muke aika kuɗi gida kowane wata domin gini da biki, me zai hana mu ware wani abu domin dashe da renon itace a gonar gado, ko a makarantar allon unguwa? Mai yiwuwa tsuntsun da ɗanka ya kalla a nan, irinsa ne zai huta a kan itacen da ka dasa a can, lada kuma yana tafiya bayan ka kwanta dama.

Kowa baƙo ne

Kafin ku juyo gida, ku dubi arewa daga gaɓar Minsmere. Tafiya kaɗan akwai ƙauyen Dunwich, wanda mazaunansa ba su kai 200 ba. A ƙarni na 13 yana cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na Ingila, da kasuwanni da wuraren ibada da attajirai. Guguwar 1286 da ta 1328 suka toshe tashar, teku ya ci gaba da cin gaɓa shekara bayan shekara har ya haɗiye garin. Tsohuwar majami'ar da ta saura a bakin gaɓa ta rufta kaɗan-kaɗan tsakanin 1904 da 1919. Titunan da aka yi ciniki a kansu yau suna ƙarƙashin ruwa, tsuntsaye suna shawagi a samansu. Alƙur'ani ya maimaita umurnin mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi ƙarshen waɗanda suka gabace mu. Hausawa kuma suka ce baƙo raɓa ne. Baƙi muke a gandu na yini ɗaya, baƙi muke a ƙasar nan, baƙi muke a duniya, kuma za a tambayi kowane baƙo yadda ya bar masaukinsa.

Ya Allah, Ka sanya mu cikin masu tunani a kan halittarKa, Ka tsare hannayenmu daga cutar da abin da Ka halitta. Ka shayar da ƙasashenmu ruwa mai albarka, Ka ji ƙan bayinKa da dabbobinKa da tsuntsayenKa. Ka shirya mana zuriyarmu a wannan ƙasa ta baƙunci, Ka gafarta wa iyayenmu da malamanmu, Ka sa mu cika da imani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.